Dala miliyan 22 kan mota ɗaya: Abin da ke ɗaga darajar tsofaffin motocin Amurka a kasuwar gwanjo

KAFANCHAN, Jihar Kaduna – A watan Agusta na shekarar 2018, a wajen wani gwanjo da kamfanin Gooding & Company ya shirya a Pebble Beach da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka, an sayar da wata mota ƙirar Duesenberg SSJ ta 1935 a kan dala miliyan 22. Idan aka canza wannan kuɗi a farashin dala na yanzu, ya haura naira biliyan 20. Motar tana da kujera biyu kacal, kuma a lokacin da aka sayar da ita ta kai shekara 83 da ƙerawa.

Ga mai sana'ar mota a Kafanchan, Kaduna ko Kano, wannan labari ya saɓa wa abin da ya saba gani. Gwanjon Amurka da 'yan Najeriya suka fi sani shi ne na kamfanoni irin su Copart, inda ake sayo motocin da suka yi haɗari ko suka sha ruwa, a loda su a jirgi zuwa Legas ko Kwatano, a gyara a sayar. A can, duk shekarar da ta ƙaru wa mota sai farashinta ya ragu. Amma akwai wata kasuwa ta daban, ta masu tara tsofaffin motoci, wadda kamfanoni irin su RM Sotheby's, Mecum, Barrett-Jackson da Gooding ke gudanarwa. Sanin yadda ake ƙiyasta daraja a wannan kasuwa zai amfani duk wanda ke da tsohuwar mota a bayan gida, domin kada ya sayar da abin tarihi a farashin ƙarfe, kada kuma ɗan damfara ya ruɗe shi da maganar miliyoyin dala.

Ƙarancin mota

Abu na farko da masu saye ke dubawa shi ne yawan irin motar a duniya. Duesenberg SSJ guda biyu kawai aka taɓa ƙerawa. Ɗaya ta tafi hannun tauraron fina-finai Gary Cooper, ita ce aka sayar a 2018, ɗayar kuma aka danganta ta da takwaransa Clark Gable. Kamfanin ya rufe a 1937, saboda haka babu ta uku da za ta fito.

Misalin Chevrolet Corvette ya fi fito da wannan fili. A shekarar 1967 an ƙera Corvette sama da 22,000. Daga cikinsu guda 20 ne kaɗai aka sanya wa injin tsere mai suna L88, mai girman lita bakwai. Kamfanin bai sa musu rediyo ko na'urar ɗumama ciki ba, domin ba ya son talakan direba ya saya don zirga-zirgar yau da kullum. A watan Janairu na 2014, kamfanin Barrett-Jackson ya sayar da ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan a Scottsdale, Jihar Arizona, a kan dala miliyan 3.85. Corvette ta gama-gari ta wannan shekarar, mai kama da ita a ido, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi.

Tarihin wanda ya riƙe ta

Abu na biyu shi ne labarin da ke tare da motar: wa ya ƙera ta, wa ya tuƙa ta, wace gasa ta shiga. A 1962 wani tsohon ɗan tseren mota daga Jihar Texas, Carroll Shelby, ya ɗauko gangar jikin wata ƙaramar motar Ingila ta kamfanin AC, ya dasa mata injin Ford mai silinda takwas, ya kira ta Cobra. Ta farko, mai lambar shasi CSX2000, ita kaɗai yake da ita a lokacin, sai ya riƙa sake mata fenti kafin ya miƙa ta ga 'yan jarida daban-daban, domin a ɗauka yana da motoci da yawa. Ya riƙe ta har rasuwarsa a 2012. A watan Agusta na 2016, RM Sotheby's ya sayar da ita a Monterey a kan dala miliyan 13.75.

Haka nan Ford GT40, motar da ta karya ƙashin bayan Ferrari a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, ta kuma lashe gasar shekara huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969. Wata GT40 da aka yi amfani da ita wajen ɗaukar fim ɗin Steve McQueen mai suna Le Mans ta tafi a kan dala miliyan 11 a 2012.

Ford Mustang kuwa ba mota ce mai wuyar samu ba, don an sayar da sama da miliyan ɗaya cikin shekara biyu da fitowarta a 1964. Sai dai wata koriyar Mustang ta 1968, wadda McQueen ya tuƙa a titunan San Francisco a fim ɗin Bullitt, ta fita daban. Wani magidanci ya saye ta a 1974 bayan ya ga tallarta a mujalla. McQueen da kansa ya rubuta masa wasiƙa a 1977 yana neman ya sayar masa, ya ƙi. Motar ta shafe shekaru a ajiye, iyalin ba su bayyana ta ga jama'a ba sai a 2018. A watan Janairu na 2020, kamfanin Mecum ya sayar da ita a Kissimmee, Jihar Florida, a kan dala miliyan 3.74.

Asali da takarda

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai game da waccan Mustang shi ne an sayar da ita da tsohon fentinta da ya kwanta, da tsatsa a wasu sassa, da kujerun da suka tsufa. A wannan kasuwa, motar da ba a taɓa sauya mata kama ba takan fi wadda aka yi wa sabon fenti daraja, muddin tana da tarihi. Masu bincike suna duba ko lambar da ke jikin inji da ta giya sun dace da lambar shasi, wato ko su ne ainihin waɗanda ta fito da su daga masana'anta. Injin da aka sauya, komai kyawunsa, yakan zaftare kaso mai yawa na farashi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne yawan jabu. Ainihin Cobra da aka ƙera tsakanin 1962 da 1967 ba su wuce kimanin 1,000 ba, amma waɗanda aka kwaikwaya daga baya sun ninka su sau da yawa. Abin da ke raba ta gaske da ta kwaikwayo shi ne takardu: rasitin sayen farko, sunayen waɗanda suka mallake ta ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin hotuna da bayanan gyara. A Amurka har ƙungiyoyi ake da su, irin su National Corvette Restorers Society, waɗanda aikinsu shi ne tantance ingancin mota sashe-sashe.

Riba ba tabbas ba ce

Farashin da jaridu ke bugawa ya haɗa da la'adar kamfanin gwanjo, wadda takan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. A cinikin Mustang ta Bullitt, an buga guduma a kan dala miliyan 3.4, la'ada ce ta kai shi 3.74. Ban da wannan akwai kuɗin inshora, wurin ajiya, sufuri da bakanike na musamman.

Sannan kasuwar tana hawa tana sauka. Wata Cobra 427 da ake kira Super Snake, wadda Shelby ya ƙera wa kansa, an sayar da ita a kan dala miliyan 5.5 a 2007. Da aka sake kai ta gwanjo a 2021, miliyan 5.5 ɗin dai ta tsaya, alhali darajar dala ta ragu cikin waɗannan shekaru 14. Jimillar cinikin makon gwanjo na Monterey ma ta sauko daga kimanin dala miliyan 470 a 2022 zuwa kusan miliyan 400 a 2023. Sha'awar masu saye kuma tana bin shekarunsu: kowane tsara yakan nemi motar da ya yi mafarkin mallaka yana saurayi, idan tsaran ya tsufa sai masu nema su ragu.

Motocin Amurka ba su ne a sahun gaba a duniya ba. Mafi tsada da aka sani ita ce Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, ƙirar Jamus, wadda aka sayar a kan yuro miliyan 135 a watan Mayu na 2022. Ita ma biyu kawai aka ƙera.

Ina tsofaffin motocin gida suka tsaya?

Idan aka auna motocin da suka yi zamani a Kudancin Kaduna da waɗannan ma'aunai, amsar a fili take. Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar citta na wannan yanki sun hau Fijo 404 da 504, da Boswaja, da Marsandi. Motocin tsere na Amurka ba su taɓa zama ruwan dare a titunan Arewa ba.

Fijo 504 mota ce mai tarihi. Ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a nan shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Amma an ƙera sama da miliyan uku a duniya, don haka ma'aunin ƙaranci bai kama ta ba. Waɗanda suka fi daraja a Turai su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Duk wanda ya zo wa mai tsohuwar Fijo da albishir ɗin cewa wani Bature zai biya miliyoyin dala, amma sai an fara tura kuɗin takardu ko na jirgi, to ɗan damfara ne.

Ma'aunin tarihi kuwa yana aiki a nan gida. Marsandin da aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Irinta dubbai aka ƙera, abin da ya faru a cikinta ne ya mai da ita abin adanawa. Motar wani sarki, ko ta asibitin mishan na farko, ko ta shugaban wata tsohuwar makaranta, tana iya ɗauke da irin wannan daraja ga garinta, idan akwai shaidar da za ta tabbatar.

Yankin Jama'a ya taɓa ganin yadda abu mai daraja ke zama a banza idan ba a san shi ba. A 1943 an tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Wannan kai ne ya taimaka wajen gano al'adar Nok, wadda ta girmi shekara 2,000. Daga baya 'yan fasa-ƙwauri suka yi ta kwashe irin waɗannan kayayyaki zuwa kasuwannin Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su cikin jerin kayan da ke fuskantar barazanar sata a shekarar 2000. Manoman da aka tono su a ƙasarsu ba su ga komai na kirki ba.

Barazanar da ke kan tsofaffin motoci a yau ita ce ta 'yan gwangwan, waɗanda ke auna ƙarfe da kilo, su yanka shi, su tura masana'antar narkewa. Motar da aka yanka ta tafi ke nan, tare da lambar shasinta.

Saboda haka, kafin magada su rabu da motar da mahaifi ya bari, yana da kyau su tattara rasitinta, takardar kwastan, tsohon lasisi da hotunan da aka ɗauka da ita, su kuma rubuta lambobin shasi da inji. A ɗauke ta daga rana da ruwan sama, a ɗaga tayoyinta daga ƙasa, kada a yi gaggawar sauya mata inji ko fenti. Idan tana da alaƙa da wani mutum ko lamari na tarihi, a tuntuɓi ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Jos, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kula da kayan tarihi da ba da izinin fitar da su waje. Idan kuma mota ce ta gama-gari, a nemi farashi daga mutum fiye da ɗaya, domin kayan gyaranta na asali kaɗai na iya fin kuɗin da mai auna ƙarfe zai bayar.