Daga Tabotaki zuwa Abijan: kasuwar da wayar salula ta buɗe a ƙasar Adar

Ranar kasuwa a Tabotaki, cikin gundumar Buza, akwai rumfar da ba a auna hatsi ko a yanki yadi a cikinta, amma ba ta rabuwa da jama'a tun hantsi har la'asar. Tebur ne guda, da faifan hasken rana a jingine, da batirin mota, da wayoyin salula birjik, kowace an manna mata alama don gudun musanya. Mai rumfar yana sa musu caji, yana sayar da katin waya, yana zuba wa samari waƙoƙi da wa'azi, in wata ta faɗa ruwa ya buɗe ta ya duba. Idan manya suka taru a Yamai suna zancen kasuwar fasahar sadarwa, da wuya su tuna da irin wannan rumfa. Alhali kuwa a ƙasar Adar, tsakanin Madawa da Buza da Keita, nan ne kasuwar take.

A shekarar 2000, layukan tarho a Nijar ba su kai 2 ga mutum 1000 ba, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Adarawa kuwa an san su da tafiya cin rani: Abijan, Kumasi, Legas, Libiya. Mai son gaida gida sai ya nemi mai rubuta wasiƙa, ko ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba. Kuɗi a hannun mai komawa gida ake damƙa su, a yi ta addu'a. Ɗan kasuwar da ke son sanin kuɗin buhun hatsi a Ƙonni ko Maraɗi, ko dai ya tashi ya tafi da kansa, ko ya jira rediyo ta faɗi farashi, lokacin nan kuwa labarin ya riga ya kwana.

A 2001 kampanin Celtel ya fara aikin salula. Sunansa ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Telecel ya bi sahu, shi ne ya zama Moov. Orange ya shigo a 2008, ya fita a 2019 bayan jayayyar haraji da gwamnati, ya bar wa Zamani gurbinsa. SONITEL ta gwamnati an sayar da mafi yawan hannun jarinta ga 'yan Sin da 'yan Libiya a 2001, ta dawo hannun hukuma a 2012, aka haɗe ta da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecoms. Airtel na 'yan Indiya ne, Moov na 'yan Maroko. Kafa dogayen ƙarafan sadarwa aikin miliyoyin miliyoyi ne, babu attajirin Buza da zai shiga wannan fage. Abin dubawa shi ne abin da ke faɗowa a gindin ƙarafan, da wanda ke tsince shi.

Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da salula ke bazuwa gari bayan gari, har da shekarar yunwa ta 2005. Ta gano cewa inda waya ta isa, bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake. Mai hatsi ya daina ɗora wa mota kaya da ka. Sai ya buga waya kasuwa uku ko huɗu kafin ya zaɓi inda zai kai. Hatsi ya riƙa barin inda ya yi araha zuwa inda ya yi tsada. Kuma amfanin ya fi yawa ga kasuwanni masu nisa da waɗanda hanyarsu ba ta da kwalta, wato dai irin kasuwannin da ke cikin duwatsun Adar.

Amma da ita da abokin aikinta Marcel Fafchamps suka koma kan kuɗin da manomi ke karɓa, sai labarin ya yi sanyi. Ga wake, wanda ba ya daɗewa ƙwari ba su taɓa shi ba, an ga farashi ya ɗan daidaita tsakanin kasuwanni. Ga gero ba a ga wani canji ba, kuma abin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Duk wanda ya san noman albasa a Galmi ko a fadamar Tarka ba zai yi mamaki ba. Manomi yana iya jin kuɗin buhu a Abijan da safiyar nan, amma in ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa a hannun mai saye, in kuma rudunsa ba zai riƙe albasar har ta yi daraja ba, sanin farashi ba ya hana shi sayarwa ranar da aka ce. Waya ta ba shi kunne, ba ta ba shi rumbu ba. Wanda ya fi cin moriyarta shi ne mai jari da mai mota.

Sai maganar aika kuɗi, wadda ta fi kowace nauyi a ƙasar 'yan cin rani. A nan jahar Tawa aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a duniya na raba agaji ta waya. Bayan ƙarancin ruwan sama na 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa dubban gidaje kimanin jikka 22 kowane wata har wata 5 a 2010. Wasu garuruwa an kai musu kuɗin cikin ambulan, wasu an tura musu ta Zap, hanyar aika kuɗi ta kampanin Zain. Binciken da aka yi a garuruwa 96 ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da zaman layi, abincin gidajensu ya fi bambanta, yaransu sun fi samun ci. An kuma lura cewa kuɗin da ya shigo ba a kan idon jama'a ba ya ƙara wa mace bakin magana kan yadda za a kashe shi.

Kowa ya zaci daga nan hanya ta buɗe. Ba haka aka yi ba. A 2017, ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa wajen kashi 9 cikin 100 na manya ne ke da asusun kuɗi a waya a Nijar, alhali a Kenya sun haura kashi 70. Saƙo yana shigowa wayar tsohuwa a ƙauye, amma wakilin da zai mayar da shi takardun kuɗi yana nesa, in an same shi ma sau da yawa aljihunsa babu ko dala. Ga kuma lambobin sirri da rubutun Faransanci.

Waɗanda suka gane bakin zaren 'yan ƙasa ne. Al Izza, BNIF Afuwa, Nita, Amana da ire-irensu ba su ce wa kowa ya koyi danna waya ba. Shaguna suka buɗe, gari bayan gari, har a ƙasashen da 'yan Nijar ke zuwa neman kuɗi. Mai aikawa ya miƙa kuɗinsa ga mutum, ya karɓi lamba, ya faɗa wa na gida. Na gida ya je wurin mutum, ya nuna takardarsa, ya ƙirga kuɗinsa a hannu. Kwamfuta da intanet suna nan a bayan teburi suna aiki, amma abin da mai hulɗa ke gani fuska ce da zai iya komawa gare ta gobe in an sami matsala. Sai da suka kafu tukuna suka fito da manhajojin waya irin su MyNita da AmanaTa. Kowane shago kuwa yana bukatar yaro ko yarinya da ta yi lakwal ta iya kwamfuta, da mai haɗa wutar rana, da mai gyara in inji ya tsaya. A garuruwan da takardar brebe ba ta da inda za ta kai mai ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rashin karatu ma an sami hanyar kewaye shi. Wajen mutum ɗaya cikin uku ne na manya ke iya karatu da rubutu a Nijar, shi ya sa WhatsApp ya karɓu fiye da duk wani saƙon rubutu: kaset ɗin da ne ya dawo, sai dai yana isa nan take. Dillali yana ɗaukar hoton rago gabanin layya ya aika wa mai saye a bakin teku. Mai albasa yana ganin buhunansa a kan mota kafin ya biya. Ƙungiyar RECA ta majalisun manoma ta buɗe cibiyar amsa kira da zaurukan WhatsApp inda manomi ke aika hoton ganyen da tsutsa ta ci, a ba shi amsa da murya cikin Hausa ko Zabarmanci. Ta wannan ƙofa ce kuma 'yan damfara ke shigowa, masu kiran mutum su ce ya ci kyauta, ya aiko da kuɗin karɓa.

Babban ƙalubale wuta ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki a Nijar, a karkara abin bai kai haka ba. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024, kowa ya ga inda igiyar take ɗaure. Rufe iyaka a lokacin ya taɓa masu gyaran waya kai tsaye, domin gilashi da batiri da caja galibi daga Kano da Sakkwato suke biyowa ta Illela da Ƙonni. Masu sayar da faifan hasken rana kuwa kakarsu ce ta yanke saƙa.

A ɓangaren hukuma, an kafa ANSI a 2017 domin kula da harkar, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 ta Amurka don shirin kai sadarwa garuruwa fiye da 2000. A 2025 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki da izini, abin da ya sa garin da babu ƙarfen sadarwa kusa ma yana iya samun layi in akwai mai jarin sayen kayan. Ma'aikatan ƙananan hukumomi sun fi kowa sanin aikin da ke jira: rajistar haihuwa, takardun filaye, tikitin harajin kasuwa, da yawansu har yanzu da biro ake cika su, kuma ɗalibin da ke haɗa takardun jarrabawa yakan biya kuɗin mota zuwa babban gari don hoto da kwafi kawai.

Shi kuwa mai rumfar caji, abin da ke tsaye masa a rai bai kai nan ba. In gilashin waya ya fashe a Tabotaki, sau da yawa sai an ba direba saƙo, a jira kasuwa ta zagayo, wani lokaci a kawo wanda bai dace ba a sake mayarwa. Attajirin da ke cika mota da albasa zuwa kudu, motarsa takan dawo da wuri a bayanta, kuma kwalin kayan gyaran waya bai kai nauyin buhu guda ba.