Kafin Ka Sauya Tayar Kekenka

Tun da kekunan gwanjo masu siririyar taya suka cika kasuwa, samari da dama sun jingine Phoenix da Raleigh na iyayensu. Ba laifi, na gwanjon ba su da nauyi, ga gudu. Sai dai tayar nan mai faɗin milimita 23 ko 25 an yi ta ne don tsere a kan lafiyayyiyar kwalta, ba don layin unguwa mai fasassun kwalabe da ƙusoshi da tsidau ba.

Bambancin yana ƙarƙashin roba, inda aka saƙa zare. In zaren siriri ne, har 120 a inci guda, tayar kan yi laushi, ta bi hanya ba tare da ta ci ƙarfin ƙafa ba. Ita ce mai gudu, ita ce kuma ƙaya ke hudawa nan da nan. Mai zare kakkaura, 30 ko 60 a inci, tana da nauyin tuƙi amma tana jure wahala. Kamfanin Schwalbe na Jamus har shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 yake sa wa tayarsa Marathon Plus, shi ya sa nauyinta ya ninka na tayar tsere sau uku ko fiye. Za ka ji ta a cinya, musamman wajen tashi daga tsaye.

To amma mai zuwa aiki ko makaranta ba kofi yake nema ba. 'Yan mintunan da ka ci da siririyar taya duk mako, zama ɗaya a gindin bishiyar mai faci ya cinye su, kana kallo yana tsoma tib a bokiti yana neman inda kumfa ke fita. Ni dai a hanyoyinmu na fi yarda da taya mai faɗin milimita 35 zuwa sama. A kan gargada ma siririyar ba ta fi ta gudu ba, tsalle kawai take yi.

Kuma ba kowace huda ce laifin ƙaya ba. In mai faci ya nuna maka ƙananan huda biyu a jere, kamar saran maciji, ƙarancin iska ne: ka faɗa rami, ƙarfen wili ya datse tib ɗin. Duba gefen tayar, an rubuta yawan iskar da take ɗauka, ka riƙa gwadawa duk mako. Kada ka bar keke a rana tun safe har la'asar, robar kan bushe ta tsattsage.

In kuɗinka na taya ɗaya ne mai ƙwari, sa ta a baya. Can nauyinka yake, da na buhu ko jarkar da ka ɗaure a kariya.