Hanyar arewa: abin da ke gaban mai tafiya Agadas daga Ɗan Issa

Da zarar an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu, sai tashar mota ta cika da samari, kowa da 'yar jakarsa. A da yawancinsu kudu suke yi, Jibiya, Katsina, Kano, har Legas. Tun da darajar naira ta faɗi, da dama sun juya fuska arewa. In ka tambayi uwar yaro ina ɗanta, sai ta ce maka "ya yi Agadas", shi ke nan. To amma fa Agadas mararraba ce. Wanda aka ce yana can, ta yiwu yana cikin gari wajen wani ɗan uwa, ta yiwu kuma yana bisa bayan Hilux cikin rairayi, kwana biyu tsakaninsa da rijiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi hanyar nan zango-zango.

Daga Maraɗi manyan hanyoyi biyu ne. Ta yamma ta bi Madawa, ta karya a Tsarnawa zuwa Tawa, sannan Abalak, sai Agadas. Ta gabas ta bi Tasawa zuwa Damagaram, ta haura Tanut da Adarbisanat. Daga Tawa zuwa Agadas kamar kilomita 400 ne, daga Damagaram kuma wajen 450. Kada lissafin kilomita ya ruɗe ku. Hanyar Tawa, wadda ake kira hanyar uraniyom, ta daɗe da lalacewa, a wurare da yawa direbobi sauka suke daga gudron su bi gefe cikin ƙasa. Tafiyar da ake zaton ta wuni guda tana iya kai ka tsakar dare. Akwai shingayen jandarma da 'yan sanda, don haka katin ɗan ƙasa ya zama yana aljihu, ba cikin kayan da aka ɗaure bisa mota ba.

Arewa dai ba baƙuwarmu ba ce. Kantun gishirin da makiyaya ke saya wa dabbobi a kasuwanninmu daga Bilma da Fashi yake fitowa. Tun zamanin kakanni, ayarin raƙuman Abzinawa ke ƙetare hamadar Tenere su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa su musanya da hatsi. Su ma da suka gaji hanyar, ba sa tashi sai da madugu, sai cikin sanyi, kuma sai sun san kowace rijiya.

Shi garin Agadas, Hausa ake yi a kasuwa, ba za ka ɓata ba. Hasumiyar babban masallaci, ta laka, mai tsawon mita 27, ita ke fara yi maka maraba. Asalin ginin tun wajen 1515 ne, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Arewa maso gabas da gari duwatsun Abzin ne, inda garake ke ba da albasa, tafarnuwa da dankalin turawa, Timiya kuma ta yi suna da lemu. Akwai 'yan ƙasar Hausa da ke aikin garka can, kuma cikin duk hanyoyin arewa wannan ce ta fi kama da ci-ranin da muka sani.

Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne. Dattawa sun tuna lokacin da aiki a ma'adinan uraniyom na Arlit ya fi komai daraja. Wannan zamani ya ja baya, kuma wani ɓangare na dalilin daga can wata uwa duniya ya taso. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace. Japan ta tsayar da tashoshinta, farashin uraniyom ya faɗi, a 2014 aka jingine babban aikin Imuraren da samari da yawa suka sa wa rai. Ma'adinin Akuta na kamfanin Cominak, wanda wani kamfanin Japan ya daɗe yana riƙe da kashi 25 cikin 100 na hannun jarinsa, an rufe shi ranar 31 ga Maris 2021 bayan arzikin ramin ya ƙare. Wanda zai tafi Arlit yau don neman aikin kamfani, ya fara tambayar waɗanda ke can tukuna.

A da, bayan Arlit babu gudron. Kilomita kamar 200 na fili ne zuwa Asamaka, bakin iyakar Aljeriya. A wannan yanki ne, cikin Oktoba 2013, aka tsinci gawarwakin mutum 92, yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Sun bar Arlit za su Tamanrasat, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙan su. Ba 'yan fashi suka kashe su ba, ba haɗari suka yi ba. Mota ta tsaya, ruwa ya ƙare, kuma babu wanda ya san inda suke sai da kwanaki suka wuce.

Ko an ƙetare lafiya, dawowar ma wani abu ce. Hukumomin Aljeriya na kwaso baƙi su maido su. 'Yan Nijar galibi cikin manyan motoci ake kawo su, wasu kuma, musamman 'yan sauran ƙasashe, a wani wuri da ake kira Point Zéro ake sauke su, su taka kilomita 15 a ƙafa zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Da yawa hannu rabbana suke isowa, ba waya, ba kuɗin da suka tara.

Ɗaya reshen gabas ya yi, cikin Tenere zuwa Dirku, daga nan Jado ko Libiya. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ita ta ja dubban mutane, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Cibarkaten, can kusa da iyakar Aljeriya, ita ma ta tara jama'a. Mu 'yan Ɗan Issa ba sai an ba mu labarin ramin zinariya ba. Ba mu manta Garin Liman ba, ranar 7 ga Nuwamba 2021, da rami ya rufta da aƙalla mutum 18. Nan gida ke nan, inda asibitin Maraɗi ke kusa. A Cibarkaten ruwan sha ma da mota ake kawo shi daga nesa, saye ake yi da tsada, kuma mai rami yakan rubuta abinci da ruwa bashi a kan ma'aikaci. Sai yaro ya yi wata shida bai aiko ko dala ba, a gida ana cewa ya manta da iyaye, alhali bashi yake biya.

Wasu na cewa ai yanzu hanya ta buɗe. Gaskiya ne dokar 2015-36, wadda ta hana jigilar baƙin haure, an soke ta a Nuwamba 2023. Lokacin da take aiki direbobi kan kauce wa rijiyoyi da shingayen soja don tsoron kamu, abin da ya ƙara yawan mace-mace. Soke ta ya sa an daina ɓuya a cikin Nijar, amma bai canza dokar Aljeriya ko halin da Libiya ke ciki ba, kuma 'yan fashi na nan a hanyoyin zinariya. Shi ya sa motocin Dirku suka saba jiran rakiyar soja su tashi tare. Direban da ya ce zai riga ayari ta wata gajeruwar hanya, mu dai a ganinmu a bar masa motarsa.

Sai maganar lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin rana na wuce digiri 45, a nan ne lalacewar mota ke zama ajali. A Disamba da Janairu kuwa sanyin dare ke kayar da mutum, wanda na hunturunmu bai kai shi ba ko kusa. Mai zama bayan mota ba bargo ba rawani zai gane kurensa. Ruwa kuma kowa ya riƙe jarkarsa, kada a dogara da ta direba.

Ku kuma 'yan uwa da ke Kano, Abijan, Makka ko Turai, sau da yawa ku ake kira a ce a turo kuɗin mota ta Nita ko Amana. Kafin ku tura, ku tambaya: Agadas ɗin, ina daga ciki? Garka, Arlit, Dirku ko ƙetare? Wa zai sauke shi? Ya ba ku lambar direba da ta wani abokin tafiya, ya faɗi ranar tashi da ranar da ake sa ran isa, don da an bar gari rezo ɗaukewa yake. In ranar ta wuce da kwana biyu ba labari, kada a zauna jira, a kira mai masaukinsa a Agadas ya je tasha da wajen jandarma ya sanar.