Ruwan Hoda: Launin da Ya Aro Sunansa

A shekarata ta farko a sashen Hausa na je Sabo da ke Ibadan domin sayen yadin anko na bikin wata ƙawata. Na ce wa mai shagon, "Baba, ina son yadi ja mai haske." Sai ya sauko mini da wani yadi ja wur. Na girgiza kai, na nuna masa ɗankwalin wata yarinya da ke wucewa. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai ruwan hoda kike nufi." Tun ranar na fara bin diddigin wannan suna.

Kamar yadda muka sani, Hausa tana da sunayen launi na asali kamar fari da baƙi da ja da kore da shuɗi. Sauran launuka kuwa, yawancinsu Bahaushe yakan kwatanta su ne da wani abu da ido ya saba gani, ta hanyar sa kalmar "ruwa" a gaba. Da haka aka sami ruwan toka da ruwan goro da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. A nan "ruwa" ba na sha ba ne, ma'anarsa launi. Amma ruwan hoda ya bambanta da waɗannan, domin toka da goro da ɗorawa duk 'yan gida ne, ita kuwa "hoda" kalmar aro ce daga Ingilishi. A ganina sunan ya samo asali ne daga hodar kwalliya ta Turawa, wadda ake yi wa launi mai ɗan ja-ja don ta dace da fatarsu. Ba Hausa kaɗai ke irin wannan aro ba. Kalmar "pink" ta Ingilishi sunan wani fure ce tun asali, haka ma "rose" ta Faransanci. A 1969 masana biyu, Brent Berlin da Paul Kay, suka nuna cewa harsuna sukan fara raɗa wa baƙi da fari suna, sannan ja, kuma ruwan hoda yana cikin rukunin ƙarshe da ke samun suna na kansa. A harshena na Yarabanci ma, "pupa" ta ja ce ke ɗaukar nauyinsa.

Inda mu masu koyon Hausa muke tuntuɓe shi ne wajen nahawu. Sifa irin "fari" tana sauya siga bisa jinsi da adadi: farin wando, farar riga, fararen riguna. Ruwan hoda ba ya yin haka, kuma ba ya zuwa kafin suna. Sai dai a ce riga ruwan hoda, ko riga mai ruwan hoda, riguna masu ruwan hoda. Na taɓa rubuta "ruwan hodar riga" a jarrabawar fassara, na kuwa rasa maki. Wani abin lura kuma, ja yana da "wur", fari yana da "fat", baƙi yana da "ƙirin", kore yana da "shar", amma ruwan hoda ba shi da amsa-kama tasa. Wannan ma shaida ce cewa baƙo ne a gidan.

Ta fuskar al'ada, da yawa daga cikinmu mun taso da ra'ayin cewa launin mata ne. Wannan ra'ayi daga Turai da Amurka ya zo mana, kuma a can ma bai daɗe ba. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar tufafin yara a Amurka ta ba da shawarar a sa wa yara maza ruwan hoda, mata kuwa shuɗi, wai don ruwan hoda ya fi ƙarfi. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya juye ya zauna. Rigar da Mamie Eisenhower ta sa a bikin rantsar da mijinta a 1953 ta ƙara masa farin jini wajen mata. Daga farkon shekarun 1990 kuma, ɗan ƙyalle mai ruwan hoda ya zama alamar yaƙi da sankarar mama, musamman a watan Oktoba.

To, a nan mai fassara ya kamata ya yi hattara. Idan marubucin Ingilishi ya ce an shafa wa ɗakin jariri wannan launi, yana gaya wa mai karatunsa cewa mace aka haifa, ba tare da ya faɗa ba. In ka fassara shi da "ruwan hoda" kawai, dattijon da ya saba ganin magidanci ya sha kaftanin shadda ruwan hoda ranar Sallah ba lallai ne ya gane saƙon ba. Ni dai a irin wannan wuri nakan ƙara kalmar "jaririya" a cikin jimlar, ko da babu ita a rubutun asali.