Tantance Ɗan Haya a Illela

Tantance ɗan haya shi ne binciken da mai gida ko wakilinsa ke yi a kan wanda yake neman hayar ɗaki, gida ko shago kafin a ba shi makulli. Ana duba ko wane ne shi, daga ina ya fito, mece ce sana'arsa, da kuma ko zai iya biyan kuɗin haya. A Illela, hedikwatar ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, binciken ya fi dogara da mutumin da zai tsaya wa baƙo fiye da takardu.

Dalilin muhimmancinsa

Illela tana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni na jihar Tawa. Kasuwarta, musamman ta dabbobi, tana jawo fatake, direbobi da masu neman aikin ƙarfi daga ƙasashen biyu, ga ma'aikatan kwastam da na shige da fice da ake turowa aiki. Yawancinsu ba su da dangi a garin, kuma zamansu yana bin yanayin iyakar. An rufe ta a Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Idan ciniki ya tsaya, ɗan haya yana iya barin gari da bashi, wanda kuma ya tsallaka iyaka da wuya a kamo shi. Akwai kuma fargabar a mai da ɗaki ma'ajiyar kayan fasa-ƙwauri ko maɓoyar masu kai wa 'yan bindiga bayanai.

Asali

Tun zamanin fatauci, baƙo a ƙasar Hausa yakan sauka ne a wurin fatoma ko mai masauki, wanda ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in an ba shi bashi. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969. Mai tsayawa na yau daga nan ya samo tushe.

Yadda ake yi

Mai neman haya yakan fara da dillali, wanda ke karɓar la'ada idan an daidaita. Mai gida zai tambaye shi sunansa, garinsu, sana'arsa, ko yana da iyali, da yawan waɗanda za su zauna. Daga nan sai ya kawo mai tsaya masa: ubangidansa na kasuwa, shugaban ƙungiyar sana'arsa, ko wani sanannen ɗan gari. Akan tambayi wanda ya taɓa ba shi haya dalilin tashinsa. Baƙon da ba a sani ba akan kai shi gaban mai unguwa.

Yanzu wasu suna ƙarawa da katin shaida, kamar lambar NIN ta hukumar NIMC, katin zaɓe, ko katin ɗan ƙasa na Nijar. Kati yana tabbatar da suna ne kawai, ba ya nuna hali, shi ya sa bai kore mai tsayawa ba. Akan biya kuɗin wata shida ko na shekara gaba, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Shari'a

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Sakkwato ke bi, dole kuɗin haya da wa'adinta su zama sanannu ga ɓangarorin biyu. Fitar da ɗan haya bisa doka yana buƙatar sanarwa da umarnin kotu, abin da kan ci lokaci, don haka masu gidaje suka gwammace su yi bincike tun farko. A Ingila, tun 2016 doka ta wajabta wa mai gida duba izinin zaman mai neman haya.

Suka

Tsarin yana wahalar da wanda bai san kowa ba, ko da mutumin kirki ne. Gwauraye da zawarawa sukan sha ƙin amincewa saboda zato kawai, haka ma waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu. A Amurka, dokar 1968 ta hana ƙin ba da haya saboda launin fata, addini ko ƙasar asali.