Rushe ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, duwan da gandun daji: ina aka kwana a Madawa, Buza da Keita?

Tun shekarar 2025, duwaniyen da ke tsaron iyaka a yankin Bangi, da jami'in gandun daji da ke kewaya tuddan Keita, da magatakardan kotun Buza, duk ba su da sauran ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsu. Takardu daga Yamai ne suka rushe ƙungiyoyin, a karo biyu.

Karo na farko a watan Afrilun 2025 ne, lokacin da ministan cikin gida, Janar Mohamed Toumba, ya sa hannu kan rushe ƙungiyoyi uku: SNAD ta jami'an duwan, da biyu na ma'aikatan gandun daji. Hujjar gwamnati ita ce kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar ranar 26 ga watan Maris, wanda ya hana jami'an tsaro kafa sandika. Tun da duwan da gandun daji suna sa kaki suna riƙe bindiga, sai aka lissafa su cikin jami'an tsaro.

Na biyu ya fi tayar da ƙura. Ranar 7 ga watan Agusta ministan ya rushe ƙungiyoyi biyar na ɓangaren shari'a: SAMAN, UMAN da SIMAN na alƙalai, sai SNAJ da SYNCAT na sauran ma'aikata. Takardun ba su faɗi dalili ba. Washegari ne ministan shari'a, Alio Daouda, ya bayyana cewa ƙungiyoyin sun kauce hanya, suna fifita buƙatun kansu a kan aikin jama'a. Babban magatakardan SAMAN, Abdoul-Nasser Bagna Abdourahamane, ya yi suka a fili, kuma ranar 14 ga watan aka kore shi daga aikin alƙalanci. Kwana ɗaya bayan haka mataimakinsa, Moussa Mahamadou, ya bi sahu. Lauyoyi sun ajiye aiki na kwana biyu don nuna rashin amincewa.

Rushe sandika ba korar ma'aikaci ba ne. Albashinsa da muƙaminsa suna nan. Abin da ya ɓace shi ne sunan da doka ta sani: ba mai ikon kiran yajin aiki, ko karɓar kuɗin karo-karo, ko zama teburin tattaunawa da minista a madadin kowa. Wanda ya yi magana yanzu, da bakinsa ya yi ta, kuma shi kaɗai zai ɗauki abin da ya biyo baya. Korar shugabannin SAMAN biyu ta isa ta nuna wa na ƙasa da su haka.

Wannan ya fi nauyi a kan ma'aikacin da ke nesa. Tsakanin Madawa da Yamai akwai kimanin kilomita 500, Buza da Keita kuma sun fi shiga lungu. Idan ƙarin girma ya makale, ko aka yi wa mutum canjin wurin aiki da yake ganin horo ne, wakilin sandika ne ke ɗaukar takardarsa ya bi ofisoshi da ita. Yanzu sai dai ya rubuta ta hannun shugabansa, wanda wani lokaci shi ne ma ake kuka da shi.

Gardamar doka a kan tambaya ɗaya take: wa ke da ikon rushe sandika? Gwamnati ta dogara da dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga watan Maris 1984, ta zamanin Seyni Kountché. Lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce wannan doka ta ƙungiyoyin sa-kai ce, sandika kuwa tana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012. Sun kuma tuno da yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita tun 1961. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya hana hukumar mulki rushe ƙungiyar ma'aikata ko dakatar da ita, wato aikin kotu ne ko na membobin kansu. Sashe na 9 ya bar wa kowace ƙasa damar yin tata doka a kan soja da ƴan sanda. Ta wannan ƙofa ce kawai za a iya kare matakin Afrilu, ko da yake masana na ƙungiyar sun daɗe suna cewa kada a faɗaɗa ta har ta haɗiye ma'aikatan farar hula. Alƙali da magatakarda kuwa ba sa cikin wannan sashe ko ta yaya aka karanta shi.

Ba kowa ya ji zafin lamarin ba. Wanda ya taɓa biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa kotun Madawa ya tarar ana yajin aiki, ko ɗan kasuwar albasa da kayansa suka kwana a shinge, ba lalle ya zubar wa sandika hawaye ba, kuma kukansa gaskiya ne. Sai dai kuma ranar da shari'ar gonarsa ta haɗa shi da mai ƙarfi, zai so ya tarar da alƙalin da ba ya tsoron a ɗauke shi cikin dare. Ɗaya daga cikin garkuwar irin wannan alƙali ita ce aka cire ranar 7 ga watan Agusta.