Mai Jinya Ma Tana Bukatar Dubiya

A gidaje da yawa na ƙasar Ungogo, daga Rangaza zuwa Fanisau, tsoho ne ke jinyar tsoho. Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko gigin tsufa ya kama shi, sai uwargida, wadda ita ma hawan jini ke damunta, ta zama mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi kunu a baki. 'Ya'ya sun yi sammako zuwa Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau, domin gonakin gandu da ke riƙe su a gida birni yana ta cinye su, ana yanka fulotai. Masu dubiya kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Ya mai jiki?"

Masana lafiyar tsofaffi sun lura cewa kafin ƙarfin jiki ya ƙare, sau da yawa mu'amala ce ke fara yankewa. A 2015 wani masani ɗan Japan, Hyuma Makizako, da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi biyar na auna wannan rauni: ko fitar mutum ta ragu a kan ta bara, ko yana ziyartar abokai, ko yana jin yana da amfani ga abokai ko danginsa, ko shi kaɗai yake zaune, ko yana samun abokin hira kullum. Wanda ya gaza a biyu ko fiye, sun same shi cikin haɗarin nakasa fiye da tsaransa.

Ma'aunin yana da kyau, amma sai an yi masa gyara kafin ya shiga gidan Bahaushe. A tambayi tsohuwa mai jinya a Yadakunya ko ita kaɗai take zaune, dariya za ta yi, ga surukai ga jikoki cike da tsakar gida. Sai dai cikar gida ba ta hana kaɗaici. A ganina tambayoyin da za su tono gaskiya su ne: Iya, yaushe rabonki da gidan suna? Kin je gaisuwar rasuwar da aka yi a unguwa? Kina zuwa Islamiyya? Har yanzu kina zubin adashi? Idan namiji ne mai jinyar, a tambaye shi jam'i da majalisa. Abin lura shi ne biki rance ne. Wadda ta daina kai gudummawa, a hankali ake daina aiko mata goron gayyata, ba don ƙiyayya ba. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba, kada a ce ta gaza da mijinta.

Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021, amma Abuja da nisa. Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da ke auna jinin malam tana iya yi wa matarsa waɗannan tambayoyin cikin minti biyar. Idan amsar ta nuna ta yanke da jama'a, sai a kira babban ɗa a raba kwanakin jinya tsakanin 'ya'ya da surukai, ranar Juma'a ko ranar wani biki ta zama tata.